Jemagun Farin Zomo

Ƙafafunsa Hester ta fara sani. Shekararta goma sha tara a lokacin, tana zaune a tagar benen mashayar mahaifinta, Farin Zomo, da littafi a cinya, sai motar kawo giya ta tsaya a ƙofa. Wani dogon saurayi mai jan gashi ya diro, ya ɗaga murfin katakon da ke bakin titi, wanda ta nan ake zura ganguna zuwa ɗakin ƙasa, ya ce wa direba ya huta abinsa, shi ba ya bukatar igiya. Wai a inda ya fito da hannu ɗaya yake sauke ganga, ɗaya hannun yana cin burodi. Ganga ta tafi. Shi ma ya bi ta. Na ɗan lokaci ba abin da ake gani sai takalma biyu suna harbin iska, can su ma suka ɓace.

Hester ta sauko a guje, ta durƙusa ta leƙa ramin. Yana kwance rigingine cikin kumfa yana kallonta. Ya ce sunansa Rufus Tudge, kuma wannan sabuwar hanyar sauke kaya ce da ba ta iso ƙauye ba tukuna. Ta koma sama, ta buɗe littafinta, ta karanta shafi ɗaya sau huɗu ba ta san abin da ke ciki ba.

Shekara bakwai ke nan. A tsakani mutane suka koyi sha a gida gaban talabijin, mahaifinta kuma ciwo ya kama shi, aka rufe Farin Zomo. Ranar rufewa garin Marlcote kaf ya taru. Mahaifin Hester ya ja igiyar ƙararrawar da ke saman kantar sayar da giya, wadda kullum ake kaɗawa idan lokacin tashi ya yi, ya kaɗa ta kaɗawar ƙarshe. Wannan lokacin Rufus ya zaɓa ya hau kujera ya nemi auren Hester a gaban jama'a. Kujerar ta karye. Hester, wadda hawayen gidansu bai bushe mata ba, ta dube shi a ƙasa ta ce, "Ranar da ƙararrawar nan ta sake kaɗawa a gidan nan, ranar zan ba ka amsa."

Ta zaci wata biyu ko uku ne wani zai saya ya buɗe. Ba wanda ya saya. Mahaifinta ya rasu, ita da mahaifiyarta suka koma ɗakunan da ke saman kantin gari, inda take aiki. Ita kuwa mace ce da littattafai suka rena, ta ɗauka magana idan ta fita a gaban shaidu ba a lanƙwasa ta. Shi ma Rufus haka ya ɗauka. Bai sake tambayarta ba. Sai dai kullum ya shigo kanti ya sayi ashana, alhali ba ya shan taba.

Gidan ya zauna shekara huɗu yana ruɓewa. An toshe tagogi da faifan ƙarfe, wata bishiya ta tsiro a bakin bututun hayaƙi, allon sunan mashayar mai hoton zomo yana lilo a kan ƙugiya ɗaya, fentin ya koɗe har zomon ya koma kamar akuya mai ciwo. Kowa ya san abin da ke samun irin waɗannan gidaje. Mashayar garin gaba ta zama asibitin dabbobi, ana yi wa kyanwa allura a inda ake jifan kibau da. Ta bakin gada ta zama gidan renon yara. Ta kan tudu wuta ta cinye ta bayan an hana mai ita rushewa, kowa ya dubi ɗan'uwansa. Tsofaffin Farin Zomo dai suka koma rumfar jiran bas da filas ɗin shayi, kowa ya zauna daidai yadda yake zama a mashaya: mai kujerar gefen murhu ya ɗauki kusurwa, mai bakin ƙofa ya ɗauki inda ruwa ke feso shi. Ba wanda ya taɓa hawa bas ɗin.

A cikinsu akwai Cyril Preece, ɗan shekara tamanin da uku. Kamar kowane ɗan gida, yana da moɗarsa ta kuza da ake rataye masa a ƙugiya saman kanta, kuma duniya ta san Cyril ba ya ba da labari sai moɗar tana hannunsa. Ranar rufewa aka kulle gidan da ita a ciki. Tun daga ranar, duk abin da aka ce masa, amsarsa ɗaya ce: "To."

Sai ga takarda an liƙa a ƙofa. Wani kamfani ya sayi wurin, zai rushe ya gina gidaje shida. Katafila za ta zo Litinin ɗin farko ta Satumba. Hester ta karanta a hanyarta ta zuwa aiki, ta tsaya har ruwa ya jiƙa mata gashi. Idan gidan ya faɗi, ƙararrawar ta tafi, maganarta ta tafi tare da ita, Rufus kuma zai ci gaba da sayen ashana har tsufa.

Da hantsi ya faɗo kantin yana haki. A wurin aski ya ji cewa a wani ƙauye an hana taɓa wani tsohon rumbu shekara biyu cur saboda an sami jemagu a rufinsa. Doka ce: gidan da jemage ya zauna, ko bulo ɗaya ba a cirewa sai hukuma ta yarda. Hester ta ce ai Farin Zomo ba jemagu.

"Ba su ne tukuna," in ji Rufus. "Ki ba ni sati uku."

Ta tambaye shi me ya sani game da jemage. Ya ce tambayar ma ta ba shi dariya. Kakansa na wajen uwa da fito yake kiransu, su zo su rataya a hularsa, abu ne na jini. Misis Beddoes, wadda katangarta ke haɗe da lambun mashayar, tana layin biya da gwangwanin wake a hannu, ta ce ita ta san kakan nasa, ko karensa bai taɓa amsa kiransa ba. Rufus ya ce ai shi kare ba ya da ilimi.

Ya je rumfar bas ya yi wa tsofaffi lacca ta awa guda. Da ya ambaci jemagu, Cyril ya ɗaga kai, ya buɗe baki, ya dubi hannunsa na dama wanda ba komai a ciki, ya rufe bakin. Rufus ya ce, "Ka ga, ko Mista Preece ya yarda." Cyril ya ce, "To."

Matakin farko, in ji Rufus, abinci ne. Jemage ƙwari yake ci, don haka a tara ƙwari, jemage zai kawo kansa. Ya jera tsofaffin ganguna bakwai a lambun mashayar ya cika su da ruwan kududdufi. Ya roƙi wani manomi amalanke biyu na ruɓaɓɓun tuffa da ɗaya na takin doki, ya zube a tsakiya. Cikin kwana shida sauro ya mamaye Marlcote, har mai wa'azi a coci yana marin wuyansa tsakiyar addu'a. Sai rina suka gano tuffar. Suka sha ruwanta da ya yi tsami suka bugu, suna tashi a karkace, suna faɗa wa mutane a gashi. Ɗaya ta shige cikin wandon mijin Misis Beddoes da ke shanye a igiya, ta yi barcinta, ta farka ranar da ya saka.

Misis Beddoes ta leƙo ta saman katanga ta ce shekara talatin tana maƙwabtaka da mashaya ba ta taɓa kai ƙara ba, amma bugaggun da suna tafiya gida idan an kaɗa ƙararrawa, waɗannan kuwa a gidanta suke kwana. Rufus ya ce ta yi haƙuri, alama ce ta nasara, ya matsa ya nuna mata yadda ake korar rina da tafin hannu ba tare da tsoro ba. Washegari ya shigo kanti da ido ɗaya a rufe, leɓensa ya kai girman tsiran nama. Hester ta zaunar da shi a kan kwalin sabulu tana shafa masa magani. Ya ce ta lura, da gangan ya bari suka harbe shi, don jini ya saba. Ta ce ta lura. Hannunta ya daɗe a kumatunsa fiye da yadda maganin ke bukata, shi kuwa yana ta bayanin jemage bai ji ba.

Mataki na biyu kira ne. Ya sayo wani ɗan akwatin lantarki daga hannun wani mutum a kasuwar tsofaffin kaya, wanda ke fitar da sauti siririn da kunnen ɗan'adam ba ya kamawa. Takardar bayanin ta ɓata, amma Rufus ya ce mai ilimi ba ya bukatar takarda. Ya ɗaure shi a kan sanda a lambu, ya kunna da magariba, ya tara jama'a su shaida. Aka yi tsit. Wani ya ce shi bai ji komai ba. Rufus ya ce rashin jin nan shi ne shaidar yana aiki.

Karen mahauci ne ya fara. Na gidan malamin makaranta ya karɓa. Kafin minti biyu duk wani kare daga coci zuwa gada ya ɗaga kai sama yana kuka kamar an yi musu rasuwa. Kyanwar Misis Beddoes ta haye saman labule ta ƙi saukowa. Kwana uku ana haka, sai aka lura ɓerayen da suka shekara huɗu a mashayar sun kwashe iyalansu sun ƙaura, layi guda, ta ƙarƙashin katanga, zuwa ɗakin girkin Misis Beddoes. Ta zo da kanta da tsintsiya ta kakkaɓo akwatin, ta juya bayansa, ta karanta wa jama'a abin da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe: na'urar korar ɓera ce.

Rufus ya ce ya sani. Sai an share gida kafin baƙo ya sauka.

Saura kwana tara, ko jemage ɗaya bai leƙo ba. Hester ta fara ganin abubuwan da ba ta so. Ranar Talata ya sayi ƙullin barbaɗin cakulan goma sha ɗaya, irin ƙananan baƙaƙen nan da ake yayyafa wa kek. Ta tambaye shi bikin wa za a yi, ya ce sirri ne na sana'a. Ranar Laraba aka gan shi ya sauko daga bas da ƙaton buhu, wani baƙin fiffike na leƙowa ta bakinsa. Ranar Alhamis da sassafe tana share ƙofar kanti ta hango takalma biyu suna shigewa ramin ganguna na Farin Zomo. Wannan karon da tsani ya shiga, wannan kam ta yaba masa.

Ta tare shi da ya fito. Ta ce ya gaya mata gaskiya, me ke cikin buhun. Ya dafa ƙirji ya ce ya riga ya rubuta wa hukuma cewa an gano jemagu a Farin Zomo, za a turo ƙwararriya ranar Asabar, ita dai ta sa rigarta mai kyau.

"Rufus, in suka kama ka da ƙarya fa?"

"Wa zai kama ni? Matar birni ce. A littafi kawai ta taɓa ganin jemage."

Hester ta so ta ce masa ya bari, ta so ta ce masa wani abu dabam ma wanda ya daɗe a bakinta. Ta dubi allon zomon yana lilo, ta haɗiye duka biyun. Ranar Asabar ta sa rigar.

Garin ya fito kamar ranar kasuwa. Tsofaffi suka baro rumfar bas da filas ɗinsu, Misis Beddoes ta kawo kujerar naɗewa ta kafa a gaba, ta ce ta biya kuɗin kallon nan da jininta. Wakilin kamfani ya zo da mabuɗi, da farar hular kwano da takalma masu sheƙi, yana duba agogo. Ƙwararriyar kuwa, Mis Okell, 'yar gajeriyar mace ce mai furfura, da tocila a goshi da tsohuwar rigar sanyi da gwiwar hannunta ta huje. Ta ce shekara ashirin da shida tana rarrafe cikin rufin mutane. Rufus ya ɗan yi tari, ya ce madalla, ashe abokan sana'a ne.

Aka buɗe ƙofa. Wakilin ya ce mutum uku kawai za su shiga, mutum arba'in suka shiga. Hester ta tsaya a bakin zauren shan, ƙamshin tsohon katako da danshi ya buge ta. Komai na nan: kanta, madubin da ya dushe, moɗaye jere a ƙugiyoyinsu cikin yanar gizo, ƙararrawa da igiyarta. A bayan kanta ƙofar da ke sauka ɗakin ƙasa tana buɗe, yadda Rufus ya bar ta ranar Alhamis.

Mis Okell da Rufus da wakilin suka hau bene, suka bi tsani zuwa cikin rufi. Gidan tsoho ne, silin ɗin ya tsattsage, duk abin da aka faɗa a sama ana jin sa a ƙasa tar. Aka ji Rufus yana cewa ta dubi kashin, ko'ina kashi, shi bai taɓa ganin jemagu masu lafiyar ciki irin waɗannan ba. Sai muryar Mis Okell, a natse, tana bayanin cewa kashin jemage idan aka murza shi a yatsa garin ƙwari yake zama ya watse. Wannan kuwa narkewa yake yi. Kuma ba ta taɓa ganin kiyashi sun yi layi suna ɗibar kashin jemage ba.

Rufus ya ce ya danganta da abin da suka ci.

"Gaskiya ne," in ji ta. Aka ji ta tsotsi yatsa. "Waɗannan kek suka ci."

A ƙasa Misis Beddoes ta toshe baki da mayafin wuyanta, kafaɗunta suna rawa don dariya. Hester ta rufe ido.

Rufus bai karaya ba. Ya ce a bar maganar kashi, ta haska can ƙurya ta ga masu gidan da kansu. Ta haska. An ce su goma sha biyu ne a rataye, kowanne ya kai girman kaza, irin na roba da ake sayarwa a ƙarshen Oktoba don tsorata yara. Mis Okell ta ce jemagun ƙasar nan babbansu bai wuce tafin hannu ba. Rufus ya ce baƙi ne, daga ƙasashen waje suka zo, shi ya sa doka ta fi ƙarfi a kansu. Ta ce wannan na ƙarshen da takardar farashi a ƙafarsa ya zo. Ya ce masu bincike ne suka ɗaura masa lamba.

Wakilin kamfani ya matsa kusa don ya gani da idonsa. Abin da Rufus bai sani ba, ɗaya daga cikin jemagun mai batir ne, an yi shi ya motsa idan mutum ya gifta. Idanunsa suka kama da jan wuta, ya karkaɗa fukafukai, ya ƙyalƙyale da wata muguwar dariya da ta cika gidan. Wakilin ya ƙwalla ihu ya jefar da hularsa. Rufus, ɗan gidan masu kiran jemage da fito, ya fi shi ihu, ya yi tsalle da baya, ya sauka a tsakanin katakai, inda ba komai sai tsohon filasta.

Waɗanda ke ƙasa suka ga silin ya buɗe, takalma biyu suka fito. Hester ta gane su. Sauran jikin ya biyo da farin ƙura da jemagun roba uku, ya bugi katakon moɗaye, suka zubo kamar ruwan ƙanƙara, ya sauka a kan kantar giya da mazaunai, ya zame. Bel ɗin wandonsa ya sarƙe igiyar ƙararrawa. Yana reto a bakin ƙofar ɗakin ƙasa, ƙararrawar Farin Zomo tana kaɗawa, tana kaɗawa, har aka ji ta a gada. Sai bel ɗin ya tsinke. Ya wuce ƙasa, wandon ya rage a sama.

Aka ji ƙarar gwangwanaye, aka ji wata tsohuwar ƙofa ta ɓalle a can ciki, sannan shiru. Jemagen batir da ya faɗo kan kantar ya sake yin dariya.

Hester ta riga kowa isa bakin ramin. Ta kira sunansa. Daga can ƙasa muryarsa ta zo, siririya, ba irin wadda aka sani ba. Ya ce yana raye, amma ya faɗa wani ɗaki da bai taɓa gani ba, kuma akwai wasu abubuwa a sama suna kallonsa, a taimaka a zo da sauri.

Mis Okell ta sauko daga bene, ta ratsa jama'a, ta bi matakala da tocilarta. Minti ɗaya, biyu. Da ta sake leƙo da kai fuskarta ta canza, kamar yarinyar da aka ba kyauta. Ta ɗora yatsa a baki ta ce cikin raɗa kowa ya yi shiru, kada wanda ya ƙara motsi. A tsohon ɗakin ajiyar ƙanƙara, bayan ƙofar da saurayin nan ya fasa da kansa, akwai jemagu fiye da sittin a rataye, ƙanana kamar dabino, kowanne ya naɗe jikinsa cikin fukafukansa. Irin da ba kasafai ake samu ba ne. Ta wata tsohuwar kafar iska da ke bayan gida suke fita.

Wakilin kamfani ya tambaya a hankali me hakan ke nufi. Ta ce yana nufin ya mayar da katafilarsa. Ba mai taɓa bulo ɗaya a gidan nan sai an yi bincike na kaka da na bazara, bayan haka ma sai abin da hukuma ta ce. Ta ƙara da cewa da na'urar korar ɓeran nan da aka ba ta labari ta kore su, da yau a gaban alƙali ake wannan hira, sa'ar mai ita ɗaya da sautinta bai kai ɗakin ƙanƙarar ba.

Ana cikin haka wata moɗar kuza da ta gangaro ta tsaya a ƙafar Cyril Preece. Ya sunkuya da kyar ya ɗauka, ya hure ƙurar, ya ga tasa ce, ya goge ta da hannun riga. Misis Beddoes ta buɗe filas ta cika masa da shayi. Ya kurɓa, ya yi ajiyar zuciya, ya gyara murya.

"Tun zamanin kakan yarinyar nan suna wurin," in ji shi. "Ni na kafe ƙofar da ƙusa, shekarar da aka yi babban sanyi, don kada su dinga faɗa wa matar gida a gashi. Na so in faɗa."

Aka tambaye shi me ya hana. Ya ɗaga moɗar ya dube su kamar sun yi tambayar wauta. Daga nan ya shiga labarin babban sanyin, wanda aka ce bai gama ba sai ranar Talata.

Mis Okell ta kore kowa waje saboda masu barci. Ta hana a fito da Rufus ta cikin gida, don haka aka ɗaga murfin katakon bakin titi aka zura igiyar ganga. Hester ta durƙusa ta leƙa. Yana zaune a ƙasa, fari fat da ƙura, cakulan ya narke masa a gashi, yana jan rigarsa ƙasa don ta rufe gwiwoyinsa. Ta jira ya ce da gangan ya yi. Ta jira ya ce sabuwar hanyar binciken jemage ce da ba ta iso ƙauye ba. Jama'a ma abin da suke jira ke nan, har wasu sun fara dariyar tun kafin ya faɗa.

Misis Beddoes ta leƙo ta kafaɗar Hester ta ce ita dai kunnenta ƙalau, ta ji ƙararrawa ta kaɗa a Farin Zomo, kuma tana nan ranar da wata yarinya ta yi wata magana.

Rufus ya girgiza kai. Ya ce a'a, wannan ba ta shiga lissafi ba. Ba shi ya kaɗa ba, wandonsa ne. Ya ce bai san komai game da jemage ba, kakansa ma tsoronsu yake ji. Sati uku yana wucewa ta gaban ƙofar gidan nan bai taɓa tunanin ya duba ko akwai jemagu a ciki ba. Ya ce gidan ma ba tsira ya yi ba, jinkiri kawai aka samu, wataƙila baɗi su rushe shi duk da haka, kuma ba zai karɓi amsar da ya samu ta hanyar faɗowa daga silin ba. Zai jira a kaɗa ta yadda ya kamata.

Tunda Rufus Tudge ya zo Marlcote ba a taɓa jin ya faɗi magana daidai girmanta ba.

Hester ta dubi tagogin da aka toshe, da bishiyar bututun hayaƙi, da tagar benen da ta zauna da littafi. Sannan ta dubi cikin ramin. Shekara huɗu ta jingina maganarta a jikin gini, ga shi wanda ya kamata ta jingina wa yana zaune a ƙasa ba wando. Ta kama igiyar da hannunta, mahauci da malamin makaranta suka kama bayanta, aka jawo shi har ya fito rabi, gwiwoyin hannunsa a kan titi. Ta ce su tsaya haka, kada ya samu ƙafar gudu ko bakin magana.

Ba ta taɓa ɗaga murya a titi ba. Ranar ta ɗaga, har Mis Okell ta leƙo ta ƙofa tana harara.

"Rufus Tudge, ka daina sayen ashana. Zan aure ka. In mun ceci gidan nan, a zauren nan za a yi biki. In sun rushe shi, a rumfar bas za a yi. Kuma na yi maka alkawari a gaban garin nan: duk ramin da ka faɗa daga yau har tsufanmu, ni za ka gani ina leƙowa."